Kanwar Gure a idon masana sinadarai

Hausawa kan ce kanwa uwar gami. Masana ilimin sinadarai na jami'o'i sun gaskata zancen, domin kaifinta ne ke kashe tsami, ya nunar da wake da wuri, ya ƙara wa miyar kuɓewa yauƙi.

A kwarurukan ƙasar Muniyo, wadda Gure ke shugabanta, da na Manga har zuwa Maine-Sorowa, ruwa yana kusa da doron ƙasa. Idan rani ya yi, zafin rana ya janye shi, sai ya bar ɓawon da mutane ke kankarewa su tara. Fatake sun daɗe suna kai ta Damagaram da Kano, da a kan jakuna da takarkarai, yau a manyan motoci.

Awon da aka yi ya nuna cewa jigon kanwa shi ne kabonet da bikabonet na sodiyam, gauraye da gishiri, da salfet, da rairayi. Ashe sunan "potasse" da ake ba ta kuskure ne, don fotashiyam kaɗan ne a cikinta. Kuma gaurayen yakan bambanta daga wannan kwari zuwa wancan, shi ya sa buhu biyu masu kama ɗaya ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Wannan sinadari dukiya ne a duniya, da shi ake yin gilashi da sabulu. Ernest Solvay, mutumin Beljiyam, ya kafa kamfaninsa a 1863 don haɗa shi daga gishiri da farar ƙasa. A Kenya kuwa, tun 1911 aka kafa kamfanin haƙo shi daga tafkin Magadi. Kanwar Gure ita ma dangin wannan ce, sai dai ɗanya take fita.

Akwai kuma batun lafiya. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da gashin jego, saboda sodiyam yana tara ruwa a jiki.

Saboda haka aiki na jiran sashen sinadarai na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai: auna kanwar kowane kwari, tace ta, da fayyace gwargwadon da ya dace a sha. Lokaci kuma yana ƙurewa, don tuddan rairayi suna binne kwarurukan sannu a hankali.