Kulɓa Na Ɓarna: Me ya sa masu tara tsofaffin finafinai ke farautarsa?

Ɗalibai da dama a Samaru da Sabon Garin Zariya sun san Kulɓa Na Ɓarna a matsayin littafin wasan kwaikwayo na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin fim ɗin da Brendan Shehu ya shirya daga littafin a 1992, a ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya.

Labarin na soyayya ne, amma mai ɗaci: mai kuɗi ya yaudari 'yar makaranta da abin duniya, rayuwarta ta lalace. Sunan ya fito ne daga karin maganar nan, kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce, wato mai laifi daban, wanda ake zargi daban.

Fim ɗin ya zo a ƙurarren lokaci. An ɗauke shi a kan zaren fim na silima, alhali faɗuwar darajar Naira tun daga 1986 ta sa wannan hanya ta yi tsada ainun. A 1990 kuma Turmin Danya ya fito a Kano a kaset ɗin bidiyo, 'yan kallo suka koma kallo a gida, gidajen silima suka fara mutuwa.

Ƙarancinsa ne ya ba shi daraja a wurin masu tara finafinai, sannan yana adana sutura da lafazi da zaman Arewa kafin salon waƙa da rawa ya mamaye Kannywood. Sai dai zaren fim ba ya jure zafi da laima, yakan ruɓe har ya riƙa tsami.

Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya nuna ana iya ceto. An gano zarensa a 2016 a ma'ajiyar hukumar, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Kwafin da ke akwatin mutum ɗaya yakan salwanta ranar rabon gado. Da kuɗin gwamnati aka yi Kulɓa Na Ɓarna, don haka matasa na da hurumin neman hukumar ta kawo shi Jami'ar Ahmadu Bello, a garin da aka buga littafin.