"Ƙofar gidana ce": wa ke da iko da lungu a Dogon Dutsi?

Da damina ta faɗi a Dogon Dutsi, sai rigimar lungu ta tashi. Wannan ya zube yashi a bakin gidansa, wancan ya jera bulo, wani ya kafa rumfa ya ɗaure tumaki. Da safe 'yan lakwal su zo da kekunansu su tarar babu wurin bi, sai su ratse su hau gudron, babbar hanyar RN1 da ta taso daga Yamai ta bi Doso ta nufi Kwanni, inda manyan motoci ke zirga-zirga dare da rana. In aka yi wa mai yashin magana, amsarsa ɗaya ce: "Ƙofar gidana ce."

Ƙofar tasa ce, babu musu. Amma takardar filin da aka ba shi ta tsaya ne inda turakun awo suka tsaya. Abin da aka bari tsakanin gida da gida lokacin rabon fegi hanyar jama'a ce, kuma a dokar Nijar ba a sayar da ita, ba a cin gadonta. Ko mutum ya shekara ashirin yana shan inuwar rumfarsa a wurin, daɗewa ba ta mayar da shi mai wuri. Abin haushi, wanda ya fi ɗaga murya sau da yawa nasa 'ya'yan ma ta nan suke bi.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kula da titunan cikin gari yana hannun ma'aikatar magajin gari, kuma dokar 17 ga Satumba 2010 ta ƙara fayyace hakan. Da aka rusa majalisun ƙananan hukumomin a Afrilun 2024, jagorancin ma'aikatar ya koma hannun kantomomi. RN1 kuwa ta gwamnatin ƙasa ce.

Ƙauye daban ne. A Matankari, Kiyeshe ko Koren Mai Ruwa, turbar yara takan ratsa gonar wani, ko ta bi burtali, wanda manomi ba shi da ikon nomewa. Nan dokar karkara ta 1993 ke aiki, da kwamitocin filaye da ake kira COFO.

Iyayen da aka toshe wa 'ya'yansu hanya kada su fara da cacar baki, kada kuma su rushe komai da hannunsu. Su fara da mai unguwa ko maigari. In ba a daidaita ba, ƙungiyar iyayen yara da daraktan makaranta su rubuta takarda ɗaya, da sunan lungun da hotonsa, su kai ma'aikatar magajin gari, su nemi a duba taswirar rabon filaye. Mai gonar da ya yarda a bi ta gefensa kuwa, a sa yardar a rubuce gaban COFO da shaidu tun kafin shuka, don magadansa ba lallai su san da maganar baki ba.