Tsayar da Zare Bayan Ya Gama Aiki a Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa masaƙun da suka yi tashe a Bompai da Sharada da Challawa ya san injin saƙa ba da zare ɗaya yake aiki ba. Zaruruwa ne masu yawa ke tafiya tare, su ba da yadi guda. Masana kwamfuta su ma sun ari kalmar zare, suna nufin jerin umarni da ke gudana a cikin manhaja tare da waɗansu irinsa a lokaci guda. Alal misali, a manhajar da ke lura da inji, wani zare na auna zafi, wani kuma na ƙirga kayan da suka fito. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsayar da kowane zare idan aikinsa ya ƙare.

Ƙarewar Zare

Ƙa'ida ta farko ita ce zare shi ke tsayar da kansa. Da zarar ya kai umarninsa na ƙarshe, ya ƙare ke nan. Amma fa da sauran aiki. A tsarin POSIX na zaruruwa, wanda aka tabbatar a 1995, wajibi ne wani zare ya jira mai ƙarewa ya karɓi sakamakonsa, ko kuwa a ayyana tun farko cewa ba mai jiransa. In ba a yi ɗayan biyun ba, gurbin da ya riƙe a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba zai koma ba. A hankali ƙwaƙwalwar sai ta cushe.

Illar Katsewa

Me zai hana a katse zare da ƙarfi? A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zuwa Bompai daga Hotoro, aka damƙa masa makullin sito da littafin lissafi. Idan aka kore shi yana tsakiyar ƙirga dila, ɗayan biyu ne: ko ya tafi da makulli kowa ya tsaya cirko-cirko, ko ya bar sito a buɗe da lissafi rabi da rabi. Haka zare yake, domin shi ma yakan kulle bayanan da yake gyarawa, don kada wani ya taɓa su. Saboda wannan ne kamfanin Sun ya yi hani da umarnin katse zare na harshen Java a 1998, sa'an nan a 2023 aka hana umarnin aiki ɗungurungum.

Hanyar da ta Dace

Idan ana bukatar zare ya tsaya da wuri, sai a ɗaga masa alama, watau a sauya wani ɗan bayani da yake dubawa a kai a kai. In ya gani, sai ya kammala abin da ke hannunsa, ya saki makulli, ya rufe fayil, ya fita. Wanda kuwa ke zaune yana jiran saƙo, sai an tashe shi tukuna, in ba haka ba ba zai ga alamar ba.

Kammalawa

A taƙaice, ba a katse zare, sallamarsa ake yi. Ya kamata mai rubuta manhaja ya shirya mafitar kowane zare tun kafin ya sake shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.