Me Mai Koyon Zane Zai Zana a Makwar?

Da zarar hannun yaro ya fara faɗawa a zane, sai ya rasa abin da zai zana. Yawanci waya ce ke zaɓa masa: ɗan ƙwallon Turai, ko motar da bai taɓa gani ba. Ya kwafa, abokai su yaba, amma idonsa bai ƙaru da komai ba, domin mai hoton ya riga ya tsara masa haske da inuwa.

Ibrahim El-Salahi, babban mai zanen Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, ya yi karatun zane a Landan. Da ya dawo gida a 1957, sai ya tarar abin da ya koyo bai ja hankalin mutanensa ba. Ya koma yana duba abin da suke ƙawata gidajensu da shi, da rubutun allo irin wanda ya tashi yana gani wajen mahaifinsa malami. Daga baya ya shafe shekaru yana zana itace ɗaya, haraz, wato gawon nan namu. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya shirya nuni na musamman a kan ayyukansa.

Gawo kuwa ya isa darasi. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke kore shar, shi zubar da ganye yake yi, rassansa su fito fili, mai koyo ya ga yadda kowane reshe ya rabu da uwarsa. Da rani ya yi ganye, awaki su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa, sai a koyi zana inuwa. A zana gawo ɗaya sau biyu a shekara, ya fi a kwafi hotunan waya ɗari.

Ga kuma madatsar ruwan Makwar, wadda yanzu aka fi sani da ta Sennar, da aka kammala a 1925 don shayar da gonakin audugar Jazira. Tsawonta ya kai kusan kilomita 3, ga ƙofofin ruwa jere, kowace tana ƙanƙancewa a ido gwargwadon nisanta. Babu inda ya fi nan koyar da nisa da kusa. Kogin Shuɗin Nilu da madatsar ta tare ma ba kullum yake da launi ɗaya ba. A watan Agusta ja-ja yake zuwa, ɗauke da laka daga tsaunukan Habasha.

Wasu iyayen na ɗari-ɗari da zane saboda maganar malamai a kan surar mai rai, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. To, ai itace da kogi da kwalekwale da randa da zayyanar allo duk ba su shiga wannan saɓani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne garuruwanmu. Mai Wurno, da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, tana da masallatai da zauruka da lunguna da suka cancanci a zana. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya nuna mana yadda gida ke zama kufai cikin dare ɗaya. Malamai da iyaye, ku ba yara fensir da takarda, ku ce su fara da ƙofar gidansu.