Kasuwar Dare da Begen Jiya: Nazari daga Birnin Kebbi da Argungu

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan kasuwa, watau ranakun cinta, da shugabanninta, da dillalanta, da fataken da ke kai kaya gare ta. Amma in an duba, galibinsu kasuwar rana suke nufi. Wadda ke ci daga magariba zuwa tsakar dare ba ta sami wannan gata ba, mai yiwuwa domin ba ta da rumfuna na dindindin, kuma jarin masu cinta bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, sau da yawa in mutumin Kabi ya daɗe a Ikko ko Abuja aka tambaye shi abin da yake kewa a gida, bayan iyaye da dangi, sai ka ji ya ambaci ƙamshin soyayyen kifi da hasken fitilun 'yan talla.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa kasuwar dare ta zama matattarar bege, ta kuma rarrabe tsakanin begen ɗan gida da na baƙo mai yawon buɗe ido. Za mu ɗauki misalanmu daga Birnin Kebbi da Argungu, sa'an nan mu nuna haɗarin da ke tattare da bin son zuciyar mai bege a manta da bukatar mai kasuwa.

2.0 Kalmomin Bege a Hausa

Turawa suna da kalma guda da suke kira nostaljiya. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙira ta a birnin Basel a shekarar 1688, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar komawa gida da ciwo. A lokacin cuta aka ɗauke ta, irin wadda ke kama mutumin da ya yi nisa da ƙasarsu. Daga baya ne ma'anarta ta tashi daga ƙishin wuri ta koma ƙishin zamanin da ya shuɗe.

Hausa ba ta tattara wannan hali a kalma ɗaya ba, ta rarraba shi ne. Kewa ita ce jin rashin abin da aka saba da shi, don haka ba a kewar abin da ba a taɓa sani ba. Marmari ya fi danganta da baki, kamar marmarin nama ko na kifi bayan an daɗe ba a ci ba. Ɗoki kuwa gaba yake duba, ba baya ba. Bege shi ya fi su faɗi, domin ana begen wanda aka rabu da shi, ana kuma begen wanda ba a taɓa gani ba, kamar yadda waƙoƙin begen Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suka nuna. Wannan faɗi na kalmar bege shi ya sa muka zaɓe ta, gama za ta ɗauki ɗan gida da baƙo gaba ɗaya. Ɗan gida kewa ce ke kawo shi kasuwar dare, baƙo kuwa yana begen jiyan da bai rayu a cikinta ba.

3.0 Dalilin Samuwar Kasuwar Dare

Kasuwar dare ba don nishaɗi aka ƙago ta ba, bukata ce ta haife ta. A kwarin Rima za a iya kawo dalilai huɗu. Na farko shi ne zafin rana, wanda a bazara yakan wuce ma'auni 40, har fita ta yi wuya sai rana ta yi sanyi. Na biyu, manomin fadama da masunci ba su dawowa gida sai yamma, kuma kifi ba ya jiran gobe: ko a sayar da shi ɗanye, ko a soya, ko a banda. Na uku shi ne kulle. Matan aure suna sana'a a cikin gida, 'ya'yansu ke kai kayan waje. Polly Hill ta bayyana wannan ciniki na cikin gida a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972, haka nan Enid Schildkrout ta yi nazarin tallan yara a Kano a cikin shekarun 1970. Na huɗu, akwai gwauro da baƙo da ɗan cirani da direba, waɗanda ba su da mai girka musu abincin dare.

A ƙauyukan yammacin ƙasar Hausa akan kira irin wannan ƙaramar kasuwa ta maraice yara. Ta bambanta da kasuwar mako, domin kullum take ci, kuma abin da za a ci a daren nan ake saye, ba hatsin ajiya ko dabba ba. Wurinta shi ne bakin tasha, ko mararraba, ko kusa da masallaci, ko gefen dandali. A da ma ita da dandali kamar ɗan juma ne da ɗan jummai, musamman da kaka lokacin farin wata: 'yan mata su ajiye faifan talla su shiga gaɗa, samari su kewaye su, mai kalangu yana nasa. Da azumi kuwa takan ƙara tsawo, ta cika bayan sallar asham. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, amma ga waɗannan mutane dare shi ne lokacin neman na tuwo.

4.0 Garuruwan Biyu

Birnin Kebbi da Argungu suna gefen gulbi guda, kuma tarihi guda ya haɗa su. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, da babban birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har zuwa 1805 lokacin da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ƙare da kafa gadon sarautarsu a Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Birnin Kebbi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu, kuma tun daga 27 ga Agusta 1991 shi ne babban birnin Jihar Kebbi.

Wannan tarihi ya ba kasuwannin darensu launi daban-daban. Birnin Kebbi gari ne na ma'aikata da ɗalibai, saboda haka masu zuwa kasuwarsa da dare galibi mutanen da suka baro ƙauyukansu ne, suna neman ɗanɗanon gida. Argungu kuwa ita ce ke karɓar baƙi na nesa, saboda bikin kamun kifi. Asalin bikin a siffarsa ta yau shi ne ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wadda ta zama alamar ƙarshen gaba tsakanin gidajen biyu. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma bayan tsaikon kimanin shekara goma aka farfaɗo da shi a watan Maris na 2020. Abin lura a nan shi ne, babban kamun da ake yi a Matan Fada, inda ake neman giwan ruwa da homa da gora, bai cika wuce sa'a guda ba. Sauran kwanakin bikin ana cinye su ne a wasannin ruwa na kabanci, da kokawa, da dambe, da baje kolin amfanin gona, da dare kuma a gaban masu tsire da masu kifi da makaɗa. Ashe ke nan rabin abin da baƙo zai koma da shi a zuciyarsa a kasuwar dare ya samo shi.

5.0 Begen Ɗan Gida

Abubuwa uku ke tayar wa ɗan gida da tsimi: hanci, da kunne, da ido.

Ta fuskar hanci da baki, akwai hayaƙin tukubar tsire, da ƙaurin bandar tarwaɗa, da ƙamshin karfasa a cikin mai, da wainar shinkafa a kan tanda, da ƙosai, da dafaffiyar gurjiya. Duk waɗannan ana samunsu a Abuja, amma mai kewa zai rantse ba su kai na gida ba. Gaskiyar maganar ita ce ba kifin kaɗai yake nema ba, yana neman yaron da ya taɓa tsayawa a wurin da kwabo a hannu.

Ta fuskar kunne, kasuwar dare ita ce inda karin harshen yamma ke sakewa, domin babu malami babu ofis. A nan za ka ji kihi a maimakon kifi, da hura a maimakon fura, da hitila a maimakon fitila, da shinkahwa a maimakon shinkafa. Wanda ya shekara yana gyara bakinsa don kada a yi masa dariya a wani gari, da ya ji wannan sai harshensa ya warware. A gefe kuma ga Fulatanci daga bakin masu nono, ga Zabarmanci, ga Dakarci, kowa yana ciniki da Hausa yana komawa harshensa in zai yi shawara da ɗan'uwansa.

Ta fuskar ido, tarihin kasuwar dare tarihin fitila ne. An fara da fitilar kasko mai lagwanin auduga da man gyaɗa ko man kaɗe, aka koma aci-balbal ta gwangwani da kananzir, da fitilar ƙwai, sa'an nan tocila da janareta, yau kuma fitilar caji da ta sola. Haka kuɗin ciniki ya sauya daga wuri zuwa anini da kwabo da sisi da sule, zuwa naira a 1973, zuwa tura kuɗi ta waya. Kowane tsara yana ɗaukar fitilar ƙuruciyarsa a matsayin ta asali. Wanda ya tashi da aci-balbal yana ganin farin hasken sola ya kashe kasuwa, alhali kakansa haka ya ga aci-balbal ɗin. Wannan ya nuna cewa jiyan da ake bege ba ta tsaya wuri guda ba, tana tafiya tare da mai begenta.

6.0 Begen Baƙo

Baƙo iri biyu ne: na wata ƙasa, da kuma ɗan birni wanda Bahaushe ne amma an haife shi a bayan katanga da get, bai taɓa zuwa dandali ba. Dukansu suna zuwa da wani hoto a zuci na rayuwa mai sauƙi, inda kowa ya san kowa, ana cin abinci da hannu, ana taya kaya ana ragi. Da rana baƙo zai shiga Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a tsohuwar fadar Argungu a 1958, ya ga sulke da masu da tambura a ajiye. Da dare kuwa sai ya ga kamar tarihin ya sauko yana numfashi. Duhu ma yana taimaka masa, domin yana rufe kwano da leda da turakun lantarki, ya bar fuskoki da wuta da hayaƙi.

Wannan hali ba a ƙasar Hausa ya tsaya ba. A ƙasar Sin, wani marubuci mai suna Meng Yuanlao ya kammala littafi a 1147 yana tuna birnin Kaifeng, shekara ashirin bayan faɗuwarsa a hannun abokan gaba, kuma cikin abubuwan da ya lissafa dalla-dalla har da abincin kasuwar darensa. A Maroko, dandalin Jami'ul Fana na birnin Marrakesh, inda masu abinci da makaɗa da masu ba da labari ke haɗuwa da dare, ya sami karramawar UNESCO a 2001. Amma shaharar ta zo da nata tsada, gama masu ba da labari na gargajiya sun yi ta raguwa, yayin da abin da ke jan kuɗin baƙi ya yi ta ƙaruwa. Wannan darasi ne ga Argungu.

7.0 Abin da Bege ke Ɓoyewa

An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma a wannan fage ɗan gida mai kewa ma bai fi shi gani ba. Yarinyar da tallanta ke burge mai kallo, wataƙila ba ta je makaranta a ranar ba, kuma dare yana da nasa haɗari a gare ta. Aci-balbal da ake yabo hayaƙinta a idon mai waina yake ƙarewa, ita kuwa ta yi murna da zuwan sola, musamman da kananzir ya yi tsada. Kifin ma ba kamar da ba ne, domin madatsun ruwa na sama, kamar na Bakolori da aka kammala a 1978, sun rage ambaliyar da ke cika fadama, inda kifi ke hayayyafa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya fi gallaza wa masu ƙaramin jari, haka nan rashin tsaro yakan sa a tashi kasuwa tun dare bai yi nisa ba. Mai bege ba ya lissafa waɗannan, domin shi dare ɗaya zai yi ya wuce.

Haɗarin da ke nan shi ne a ce za a raya kasuwar dare don baƙi, a gina rumfunan zana na ado, a sa wa masu talla tufafin gargajiya, a kori mai shayi da mai awara don wai ba su cikin al'ada. In aka yi haka an sami wasan kwaikwayo, an rasa kasuwa. Abin da ke jan baƙon tun farko shi ne ganin mutane suna harkarsu ba don shi ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa kasuwar dare bukata ce ta kafa ta, kuma bukata ce ke riƙe da ita. Bege daga baya ya zo. Saboda haka wanda ke son ta ɗore sai ya dubi bukatar masu cinta: haske, da ruwa, da tsabta, da tsaro, da lafiyar gulbin da kifi ke fitowa daga cikinsa, da kuma hanyar da uwa za ta sayar da kayanta ba tare da 'yarta ta rasa karatu ba.

Ga malamai da ɗaliban Hausa kuma akwai aiki na gaggawa. Kiraye-kirayen 'yan talla, da sunayen kifaye a bakin Kabawa, da salon tayi da ragi, da waƙoƙin dandali, duk suna cikin kawunan tsofaffin da ke ƙarewa. Ya kamata a je Argungu da Birnin Kebbi da ƙauyukan da ke tsakaninsu a naɗe su, a rubuta su da karin harshen masu su. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wanda ya rubuta bara yadda take, da daɗinta da wuyarta, ya taimaki bana, ya kuma bar wa baɗi abin dogaro.