Abin da Ya Ruɗa Inna a Tsakiyar Bazara

A wani gida da ke maƙwabtaka da mu a Sakkwato akwai dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ta haura saba'in, amma hankalinta garau, ita ke riƙe lissafin adashin matan gidan da ka. Da bazara ta kankama, zafi ya wuce digiri 40, sai ta sauya. Da safe lafiya lau. Bayan azahar kuwa sai ta kira jika da sunan wanda ya daɗe da rasuwa, ta manta raka'ar da take, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta.

Babban ɗanta ya ce tsufa ne ya zo da rikicinsa. Wata ƙanwarta ta ce iska ce, aka karɓo rubutu da ruwan tofi. An auna suga, daidai yake. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Abu ɗaya kowa ya shaida: duk ranar da ta shanye kwanon ruwan tofin, takan ɗan dawo hayyacinta.

Jikarta mai karatun aikin jinya ce ta ƙi yarda da zancen tsufa. Hujjarta ita ce ciwon mantuwa a hankali yake shiga, cikin watanni da shekaru, wannan kuwa tare da zafi ya shigo. Ta auna jinin Inna tana zaune, ta sake aunawa tana tsaye, sai ta ga ya faɗi warwas. Harshenta a bushe, bugun zuciya da sauri. Ba ta raina addu'a ba, amma ta lura cewa kwanon tofin nan shi ne ruwa mafi yawa da ake ganin tsohuwar ta sha a yini.

Sai kuma maganar alwala. Matan gidan sun jima suna yaba Inna, wai da alwalar azahar take kaiwa isha'i. Yarinyar ta ji wannan yabo gabanta ya faɗi, domin ma'anarsa mutum ya yi awa shida ko bakwai bai yi fitsari ba.

Da aka kai mata ruwa, Inna ta ture kofin. "Ke, ba na jin ƙishirwa."

Gaskiya ta faɗa, kuma a nan hatsarin yake. Tun 1984 wasu masu bincike a Ingila suka hana samari da dattawa masu lafiya ruwa na awa 24. Da lokaci ya cika, dattawan ba su ji ƙishirwa kamar samarin ba, ba su kuma sha abin da zai mayar da wanda suka rasa ba. Ga shi jikin matashi kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, na tsoho yakan sauko wajen kashi 50, saboda tsoka da ke riƙe ruwa ta ragu. Ƙoda ma ba ta iya tattalin ruwa kamar da. Ajiya kaɗan, asara da yawa, ga mai faɗakarwa ya yi shiru. Shi ya sa alamar farko a wurin tsoho sau da yawa ruɗewa ce, ko yawan barci, ko faɗuwa.

Yarinyar ta bincika jakar magani, ta tarar da ƙwayar hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Magani ne mai kyau, ya yi wa Inna aiki duk hunturu. Amma a ɗaki mai rufin kwano, cikin Afrilu, gumi na fita ta nan, ƙwaya na fitar da ruwa da gishirin jiki ta can.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Tsohuwar da a da ba ta rabuwa da moɗa, me ya raba ta da ita? Surukarta ba ta isa ta tambaya ba, ɗanta ma kunya ba za ta bar shi ba. Jika ce kaɗai ke da wannan dama, albarkacin wasan da ke tsakaninsu.

"Inna, ko rowa kike wa cikinki ne? Faɗa mini, ba mai ji."

Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "Kishiyata, makewayin nan ya yi mini nisa."

Ashe bayan ta fara shan ƙwayar, wani dare fitsari ya matsa mata. Ga ciwon gwiwa, ga duhu, makewayi yana can ƙarshen tsakar gida, ba ta kai ba. Ta wanke zanenta kafin asuba, ta yanke wa kanta hukunci: ba za ta ƙara cika ciki da ruwa ba. Ƙari a kan haka, an kawar da randar ƙofar ɗakinta tun da aka sayi firji, firjin kuma yana ɗakin suruka, inda ba za ta riƙa shiga tana fita ba.

An kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, likita ya duba jininta ya sauya maganin da kansa. A gida aka dawo da randa, aka kewaye mata wuri dab da ɗakinta, aka ajiye mata fitila. Aka daina tambayarta ko za ta sha. Bayan kowace salla jika na miƙa mata kofi, ta zauna har sai ta shanye. Koko da safe, fura da nono da rana, kankana da yamma. Ba a jima ba ta karɓi lissafin adashinta.

Ba kowa ke samun wannan sa'a ba. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, cikin azumi. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, kusan rabinsu sun haura shekara 60.

Masana abinci na Turai sun ce tsohuwa na buƙatar aƙalla lita 1.6 na abin sha a yini, tsoho lita 2, wato leda huɗu ta fiya wata. Wannan ma'aunin ƙasar sanyi ne, namu zai fi haka, sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda likita ne zai yanka masa. In kana da tsoho a gida, kada ka jira ya ce yana jin ƙishirwa. Kai masa, ka tsaya ya sha. In ya ƙi, nemi wanda ba ya jin nauyinsa ya tambaye shi dalili. In kuwa ya ruɗe ko fitsari ya ɗauke, a tafi asibiti a ranar.