Kurar Kasuwa da Kurar Daji

Dattawanmu na Damargu sun san kura iri biyu. Akwai wadda gardawa kan shigo da ita gari ran kasuwa, takunkumi a baki, sarƙa a wuya, ana kaɗa ganga yara na biye. Ga ta nan da rana tsaka, kana ganin gashinta, kana jin warinta. In ta zabura mata su yi ihu su ja da baya, sannan kowa ya fashe da dariya ya jefa kuɗi. Akwai kuma wadda makiyayi ya sani can cikin kwarin Tarka, lokacin da daji yake daji: wuta ta mutu, wata bai fito ba, awaki sun fara tsuma, sai kuka ya taso daga gabas, ya ɗauke, ya sake tasowa ta bayanka. Ba ka gan ta ba, wataƙila har gari ya waye ba za ka gan ta ba. Tambayi wanda ya taɓa kwana haka wace ce ta hana shi runtsawa.

Abin da ke damun manyan kamfanonin wasannin bidiyo ke nan idan suka tashi yin wasan ban tsoro. Kuɗi sun mai da su gardawa.

Na ga samari a wata fada a Belbeji sun haɗa kai a kan waya ɗaya, shayi na tafasa ba mai kula da shi. Wasan Granny suke yi, wanda wani mutum ya fitar a 2017 da sunan DVloper. Zanensa ba kyau, kamar na ɗan koyo. An kulle ka a wani tsohon gida, kana da kwana biyar ka tsere, kuma duk abin da ya suɓuce maka ya faɗi ƙasa tsohuwar gidan tana ji. Mai riƙe da wayar ya shige ƙarƙashin gado, ana jin takunta tana matsowa, sai na ga har numfashi ya riƙe, na kusa da shi yana raɗa masa kada ya motsa. Ba dukiya aka zuba a wannan wasa ba. An dai hana ka ƙarfi, an hana ka sanin inda take.

Da haka manyan ma suka fara. A Resident Evil na 1996, wanda Shinji Mikami ya jagoranta a kamfanin Capcom na Japan, harsashi ƙidayayye ne, kuma ko ajiye inda ka tsaya ba ka iyawa sai ka samo zaren tawada na keken rubutu. Silent Hill na Konami, a 1999, ya fi ba ni sha'awa. Na'urar PlayStation ta lokacin ba ta da ƙarfin nuna abu mai nisa, sai masu wasan suka lulluɓe garin da hazo don ɓoye wannan gazawa. Suka ba ka 'yar rediyo da ke fara shashatau idan wani abu ya kusato. Kana jinsa, ba ka ganinsa. Ƙarancin kayan aiki ne ya haifi abin da har yau ake yabon wasan da shi.

Da kasuwa ta buɗe sai lissafi ya canza. Wanda ya biya ƙwararru suka shafe watanni suna ƙera dodo, da haƙoransa da jijiyoyinsa, ba zai yarda a bar shi cikin duhu ba. Dole a fito da shi fili, a haska shi, a sa shi a talla. Kuma dodon da ka ƙare wa kallo ya zama nama kawai. Resident Evil 6 na 2012, mutum sama da 600 suka yi aikinsa, ga fashe-fashe, ga jirage, ga harbi ba ƙaƙƙautawa, amma masoyansa na asali suka ce ba su ga abin tsoro a ciki ba.

Babbar matsalar ita ce yawan masu saye da ake nema. Dead Space na 2008 ya firgita mutane ƙwarai, mutum ɗaya cikin mataccen jirgin sararin samaniya. Kafin na uku ya fito a 2013, wani jami'in kamfanin EA, Frank Gibeau, ya bayyana cewa irin wannan wasa na bukatar masu saye kusan miliyan 5 kafin a ci gaba da zuba masa jari. To ina za ka sami mutum miliyan 5 da za su biya dala 60 don a hana su barci? Sai aka ƙara makamai, aka ba ka abokin tafiya. Kowa kuwa ya san dare da aboki ba ɗaya yake da dare kai kaɗai ba. A 2017 EA ya rufe Visceral Games, sashen da ya ƙirƙiri wasan.

Ga kuma tsawo. Wasa mai tsada dole ya ɗauki sa'o'i da yawa, alhali tsoro ba ya jure sabo. Karo na farko ka razana, karo na goma ka gane ta inda abin ke ɓullowa.

Ƙananan masu sana'ar ba su da wannan ɗawainiya. 'Yan mutane kaɗan ne a Frictional Games na ƙasar Suwidin suka yi Amnesia a 2010, ba bindiga ba wuƙa, sai fitilar da manta ke ƙarewa. Scott Cawthon shi kaɗai ya yi Five Nights at Freddy's a 2014: kana zaune a ɗakin gadi, wutar lantarki na raguwa, ba inda za ka gudu. Irin waɗannan in mutum dubu ɗari suka saya an ci riba, saboda haka ba ruwansu da wanda ya tsorata ya ajiye.

Ban ce manyan ba su iya ba, kuma ba na ganin baƙinsu gaba ɗaya, domin gardin da ya cire takunkumi a tsakiyar kasuwa ya kori masu ba shi kuɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne sun iya, suna dai janye hannu. Alien: Isolation na 2014 ya bar ka da wata halitta da ba a iya kashewa, tana farautarka, amma kamfanin Sega da ya fitar da shi bai gamsu da cinikin farko ba, ko da yake ya haura miliyan 2. Capcom ya koma tushe da Resident Evil 7 a 2017, ya kulle ka a ruɓaɓɓen gida a jihar Luwiziyana ta Amurka, ya kuma yi kasuwa. Duk da haka, da na gaba, Village, zai fito a 2021, furodusa Tsuyoshi Kanda ya faɗa cewa wasu sun koka na baya ya yi musu tsoro har sun kasa bugawa, don haka aka sassauta. A cikin Village ɗin nan, wurin da 'yan wasa suka fi ambata shi ne gidan Beneviento mai cike da 'yan tsana, inda ake raba ka da duk makamanka, wuta ta ɗauke, wani abu mai kukan jariri ya biyo ka ta lungu. Ɗan yanki ne kawai na wasan, kana fita su mayar maka da bindigoginka.